Kwantena daga Chaina ko sari daga Kano? Ga mai son shiga harkar keke mai caji a Gombe

Daga ƙaramar sallah zuwa yanzu mutum huɗu kenan suna zuwa shago da tambaya iri ɗaya, wai akwai ɗan kuɗi a hannu, ana son a shiga harkar keke mai caji, a tafi Chaina ne kai tsaye ko a fara da sarowa a Kano. Na ƙarshensu Baffana ne ƙanin mahaifinmu, ya yi ritaya an biya shi giratuti bayan doguwar jira, ya shigo da waya a hannu ko gaisawa bamu gama ba ya miƙo min, wani jan keke ne a Alibaba, shafin sarin kaya daga Chaina a intanet, yace "kai duba nan, dala ɗari biyu da 'yan kai fa, ku nan ninki nawa kuke sayar mana? Ashe cutarmu kuke." Nace Baffa zauna a kawo ruwa tukun. Na ja hoton ƙasa na nuna masa wani ɗan rubutu da bai lura da shi ba, farashin nan babu batir a ciki, kuma sai ka ɗauki adadi mai yawa a lokaci ɗaya, kuma a bakin tashar jirgin ruwansu ne, daga can zuwa Tashan Dukku duk a wuyanka yake. Sai ya cire hula ya ajiye a gwiwa.

Abin da na faɗa masa ranan shi zan faɗa anan amma da ɗan faɗi. Ni asalin sana'ata batirin inbata ne da sola, keken nan na shige shi ne bayan 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da ɗari biyu ta haura ɗari biyar cikin kwanaki, daga baya har ta taɓa dubu. Hanyoyin kawo kayan kuma uku ne, sari daga Kano ko Legas, haɗaka a kwantenar wasu, da kwantenarka kai kaɗai, na gwada biyun farko da kuɗina, ta ukun kuma na zauna kusa da waɗanda suka yi ta na ga yadda gashin kansu ya yi fari.

Kasuwa kam akwai, wannan ba sai an yi musu ba. Batirin da aka rubuta 48V 20Ah in ka buga lissafinsa wat-awa 960 ne, kusan yunit ɗaya na mita kenan, ka ƙara ɗan abin da caja ke zubarwa ya zama yunit ɗaya da kwata. Ko a layin wuta mafi tsada kake, wanda tun Afrilun 2024 ya haura naira 200 a yunit, cika batirin nan bai kai ɗari uku ba, kuma zai kai mutum ɗaya kilomita arba'in zuwa hamsin in hanya shimfiɗaɗɗiya ce. Tafiyar da roba-roba zai sha maka kusan lita guda kenan. Ma'aikacin da yake zuwa sakatariya ya dawo kullum shi da kansa yake yin wannan lissafin kafin ya iso shagonka. Matsalar dai wutar ce, kowa ya tuna 2024 da aka lalata turakun babban layin Jos zuwa Gombe muka yi makonni a duhu, shi yasa ni duk wanda ya zo saye tambayata ta farko ita ce a ina zaka yi caji, akwai sola a gida ko a ofis? In yace babu ko ɗaya ina gaya masa gaskiya ya ƙara tunani, don wanda ya tura keke da ƙafa daga Pantami zuwa Bolari cikin rana sunan shagonka zai riƙa kira duk hanya, kuma ba da alheri ba.

Toh kafin ma a zo maganar ta ina zaka kawo kaya, wane keken? Don suna ɗaya ne amma abu uku ne daban.

Akwai na Turai, irin na Jamus da Holan. Dokarsu ta tsayar da shi a wat 250 kuma injin yana daina taimaka maka da ka kai kilomita 25 a awa, sannan babu totur, sai ka taka feda shi kuma ya tallafa maka. Kyau kam ba a magana, ƙarfe mai kyau, giya mai kyau, injin Bosch ko Shimano a tsakiyar feda. Amma wa zaka sayar wa? Mutumin Gombe da ya zo shago ba motsa jiki ya zo nema ba, mashin yake so wanda baya shan mai, ya sa kaftaninsa mai guga ya murɗa ya tafi, ba ya isa ofis a watan Afrilu yana ɗigar gumi ba. Sabo dai kuɗinsa ya sayi Boxer da canji mai yawa. Gwanjon da ake samu cikin kayan Baljiyam kuma batirin ya riga ya tsufa, kuma batirin Bosch ba kamar namu bane da zaka buɗe ka canza ƙwayoyi ka rufe, yana magana ne da injin ta kwamfuta, in ya ƙi sai na'urar dilansu, wa ke da ita anan? Na taɓa karɓar guda biyu, ɗaya wani likita ya saya don yawon safe, ɗayan yana nan rataye a sito har yau yara suna shanya tsumma a kai. Wannan babin na rufe shi.

Saura na Chaina iri biyu. Akwai ƙaramin da suke hawa a garuruwansu, tsohuwar dokarsu ta 2018 ta ce kada ya wuce wat 400 da 48V da kilomita 25 a awa, nauyi kilo 55, mai kwando a gaba da ɗan feda. Shi ne mai araha, shi ne kuma yake cika hotunan Alibaba. Sai babban mai kama da roba-roba, wat 800 zuwa 1500, batir 60V ko 72V. Anan ne wanda bai san garin nan ba yake faɗawa rami, don Gombe a kwari take, cikin gari lafiya lau amma da ka nufi Tumfure hawa ne, ga yashi a lunguna, ga mu da goyo, babu wanda zai hau shi kaɗai kamar yadda ɗan Chaina yake yi. Wani malamin firamare na sayar wa ƙaramin a farkon shigata, na ce masa mutum ɗaya ne fa Malam, yace in sha Allahu. Sati biyu sai gashi a Keke Napep an ɗauro keken a baya, ashe ya ɗauko uwargida da yaro da rabin buhun masara zasu haura, ana tsakiyar hawa sai ƙauri, kwantirola, wato akwatin da ke sarrafa wuta tsakanin batir da injin, ta ƙone. Yace "Alhaji ai kace sabo ne." Sabo ne mana. Ni na canza masa da kuɗina don unguwarmu ɗaya kuma a sahu ɗaya muke sallah. Tun daga nan ƙaramin ina ajiye shi ne don ɗalibai da mata masu zirga-zirga cikin unguwa da masu zuwa shago kusa, wanda yake da hawa a hanyarsa kuma 60V da wat 1000 ko ya haƙura.

Yanzu batir, kuma dan Allah duk wanda zai tsallake wani wuri kada ya tsallake nan, don kusan rabin kuɗin keken a nan yake, kuma rigimar da zaka yi da kwastoma goma, takwas a kansa ne.

Na dalma shi ne irin na inbata ƙanana, kowanne 12V, huɗu su baka 48, biyar 60, shida 72. Zaka ga an rubuta 6-DZM-20 ko 6-DZF-20 a jiki, manyan masu yinsa Tianneng da Chilwee ne. Araha gare shi, baya kama wuta da sauƙi, duk yaron da ya iya haɗa inbata zai iya canza shi, in ya mutu ma 'yan gwangwan suna saye a kilo. Illarsa nauyi, kowane ɗaya ya kai kilo shida zuwa bakwai, kaga saiti biyar ya wuce kilo talatin kana jansa duk inda zaka, kuma ba a ciro shi a shiga da shi ɗaki, sai dai a ja waya zuwa zaure. Cajinsa awa shida zuwa takwas, wutar da bata zama awa uku a jere kuma kullum rabin ciki yake kwana, wannan kuwa shi ke kashe shi. Caji ɗari uku zuwa ɗari biyar ake ba shi a takarda, a zafinmu da ke haura digiri 40 a Maris da Afrilu kada ka yi wa kowa alkawarin ya wuce shekara da 'yan watanni. In ɗaya ya mutu a cikin saitin kuma ka sa sabo guda cikin tsofaffi, su zasu ja shi ƙasa, dole saiti gaba ɗaya.

Amma babban abin da ya shafe ka kai dila shi ne batirin dalma yana mutuwa a zaune. Shinkafa ce da zaka jibge a sito ka jira farashi ya tashi? A'a. Tun ranar da ya bar masana'anta yake zubar da caji a hankali, in ya daɗe a ƙasa wani farin gishiri yana kama farantan ciki kuma baya sakewa. Riƙe wannan, zan dawo kansa a maganar kwantena.

Na litiyam kuma bai kai rabin nauyin wancan ba, da yawa ana zaro shi kamar akwati a shiga da shi ofis a jona, yana cika da wuri, yana jure zama. Shi ma iri biyu ne, akwai wanda ake haɗawa da ƙananan ƙwayoyi irin 18650 na tocila da laftof, akwai LiFePO4 wanda masu sola suka sani, shi ne mai jure zafi, mai kai caji dubu biyu ko fiye, kuma baya saurin tashi da wuta. In zan zaɓa wa kaina shi ne, babu tantama. Sai dai kuɗinsa ninki biyu ne ko fiye, kuma a litiyam ne ake yin ha'incin da ido baya gani, a tara tsofaffin ƙwayoyi a naɗe da shuɗiyar leda a manna 20Ah alhali ko sha biyu bai kai ba, allon kariyar da ke ciki ma na banza. Ni sikeli nake ɗora shi, in nauyin bai yi daidai da abin da aka rubuta ba na san an ci ni, sannan in cika shi in ba yarona ya yi ta zagaye har ya mutu mu ga kilomita nawa. Irin wannan na bogin shi ne yake kamawa da wuta cikin dare, wutar litiyam kuma ba ta jin bokitin ruwa, ka tuna a zaure ake caji kusa da ɗakin yara.

Abin da nake yi yanzu, na dalma ne a shago don aljihun yawancin mutanenmu nan ya tsaya, LiFePO4 kuma sai wanda ya nema ya ajiye rabin kuɗi in kawo masa.

Toh sai hanyoyin.

Sari daga Kano ko Legas shi ne wanda kowa ke rainawa, wai ai riba kaɗan ce, kana yi wa wani aiki ne. Gaskiya ne ribar kowane keke siririya ce don babban dila ya riga ya yanki nasa. Amma dubi abin da ka saya da wannan ragin: ka je da ƙafarka ka ga kaya, ka hau ka zagaya, ka sa mita a kan batir ka duba kwanan watan da aka buga a jikinsa, ka biya da naira, ka ɗauki biyar ko bakwai, jibi suna shagonka. In sun ƙare ka buga waya a saka maka a mota. Kuɗinka yana juyawa sau biyu ko uku kafin mai kwantena ya ga ƙeyar kayansa. In caja ta zo a mace kana da wanda zaka kama, ka san shagonsa, ka san wanda ya haɗa ku. Legas ta fi araha da yawan zaɓi, Kano ta fi kusa kuma ana yarda da juna, in ka ɗan jima kana sari ma ana iya baka kaya ka sayar ka kawo. Inda take ciwo shi ne baka da iko a kan samfur, yau ya kawo wannan gobe kwantenarsa ta zo da wani daban, kai kuma ka riga ka sayar da ashirin na farkon, masu su suna zuwa neman murfin gefe da fitila babu. Sannan duk maƙwabcinka da ya ga kana ciniki shi ma motar Kano zai hau, bayan wata uku ku biyar ne a layi kuna karya wa juna farashi.

Ta biyu ita ce haɗaka, ka sayi goma ko sha biyar a Chaina ka tura sito na masu kago, wato 'yan dakon kaya, a birnin Gwanzu, su haɗa da kayan wasu a kwantena ɗaya, su caje ka a kan girman wurin da kayanka suka ci, su yi kiliyarin da sunansu kai dai ka karɓa a Legas ko Kano. A baki tafi kowacce daɗi, babu takardu babu kwastan. Ni ma daɗin bakin ne ya ja ni. Keke abu ne mai cin wuri, kwalinsa iska ce rabi, a kan iskar nan ake cajinka. Litiyam kuma a dokar sufuri ta duniya kaya ne mai haɗari, aji na 9, sai da takardar gwajin UN38.3 da takardar bayanin sinadaran, masu kago da yawa basa karɓa ko su ƙara kuɗi, jirgin sama kuwa manta da shi kawai. Na kawo sha biyu masu batirin dalma, aka ce min kwana arba'in da biyar. Sai da aka jira kwantena ta cika tukun, ta taso, ta iso, sai aka riƙe ta a tasha saboda kayan wani mutum da ban taɓa gani ba wanda bai faɗi gaskiyar abin da ya saka ba. Ejan kullum "Alhaji wannan satin in sha Allah", har na daina ɗauka da zafi na koma dariya. Wata huɗu da kwanaki. Da muka buɗe kwalaye a shago na sa mita, batirin da ya kamata ya nuna kusan 13V wasu suna nuna 11V da ɗigo, na yi ta musu caji a hankali wasu suka farfaɗo, saiti huɗu kam ko gezau, biyu ma da zafin kwanon shago ya dake su sai suka kumbura kamar burodi har sai da muka sa sukundireba muka ɓanɓaro su daga cikin akwatin. Ga robobin gaba uku a fashe don an ɗora musu kaya masu nauyi. Na rubuta wa kamfanin, suka amsa da ladabi sosai, wai zasu saka min a oda ta gaba. Garantin Chaina kenan, sai ka sake saye zaka ci shi. Da na zauna na tara komai, abin da kowane keke ya tsaya min bai fi na Kano sauƙi da wani abin kirki ba, ga wata huɗu kuɗina a ruwa.

Haɗaka tana da amfani amma ba don keke ba. Don samfur guda ɗaya ko biyu ka gwada kafin babbar oda, da kuma kayan gyara, kwantirola da caja da totur ƙanana ne, kwali biyu ya ishe ka shekara, anan kam tana biya sosai.

Ta uku kwantenarka da sunanka, wadda Baffa yake mafarki. Nan ne ribar gaske take, ban ɓoye masa ba. Kai zaka zaɓi injin, ka ce a sa maka taya mai kauri, a ƙarfafa shokoba saboda goyo, a buga sunan shagonka a jiki ma in kana so. Masana'antun suna yankin Wushi da Tiyanjin da Taizu, Yadea a Wushi take, Aima a Tiyanjin, waɗannan manya ne masu suna kuma wakilcinsu yana zuwa da sharuɗɗa na yawan oda da wurin baje kaya da ba na mai farawa bane, ƙananan masana'antu kuma sun fi sauƙin magana amma ingancinsu sai ka tsaya a kai. Da yawan waɗanda kake hira da su a Alibaba ma ba masu masana'anta bane, 'yan tsakiya ne irinmu. Masu zuwa baje kolin Canton a Gwanzu, Afrilu da Oktoba ake yi, su ne suke ganin fuska da fuska. A al'ada kashi 30 zaka fara biya a fara aiki, 70 kafin a loda. Kuma kada ka yi oda dab da sabuwar shekararsu a Janairu ko Fabrairu, masana'antu rufewa suke yi makonni.

Ta ɓangarenmu kuma sai kana da rajistar kamfani ta CAC da lambar haraji, ka buɗe Form M, wato takardar shigo da kaya, ta banki kafin kaya su taso, ka samu takardar SONCAP ta hukumar kula da inganci, kwastan su fitar da PAAR, wato takardar kimanta kayan, a lissafa kuɗin fito a kan kuɗin kaya haɗe da inshora da dakon jirgi. Keke mai lantarki yana ƙarƙashin lamba 8711.60 ne a kundin kwastan, kuma fiton wanda ya zo a haɗe daban yake da na wanda ya zo a warware, ka sa ejan ya rubuta maka lissafin dalla-dalla a takarda tun kafin ka tura ko sisi, ba a waya ba. Bayan nan ga kuɗin tasha, ga na kamfanin jirgi, in ka wuce kwanakin da aka baka kyauta damarej ya fara hawa kullum, ga tirela daga Apapa ko Tin Can zuwa Gombe sama da kilomita dubu da abin da ake bayarwa a hanya wanda ba a rubuta masa rasit. Duk wannan da dala ake auna shi. Wanda ya yi oda kafin Yunin 2023 dala tana wajen 460 a banki, ya wayi gari ta haura 700, zuwa Fabrairun 2024 ta wuce 1,500, a watan nan kuwa farashin da kwastan ke lissafi da shi sai da ya canza sau da yawa. Na san wanda kayansa suna kan ruwa kuɗin kiliyarin ɗinsa ya kusan ninkawa, sai da ya sayar da fili.

A ce ma komai ya tafi daidai. Kwantena mai ƙafa 40 tana cin keke gwammai masu yawa, in a warware ne ta haura ɗari. Nace Baffa, keke ɗari, a Gombe, wata nawa? Ni da nake da shago a bakin titi da mutanen da suka sanni tun zamanin inbata, watan da na sayar da goma ina murna. Kaga ɗari kusan shekara kenan, batir kuma ya riga ya yi wata uku tsakanin masana'anta da teku da tasha kafin ya ganka. Na ƙarshen da zaka sayar gawa ce a kwali, sai dai ka ɗauki yaro aikinsa kawai bi yana musu caji duk wata, da wace wutar? Shi yasa masu kwantenar da suka ci riba ba masu sayar da ɗai-ɗai bane, suna da masu sara a Bauchi da Yola da Potiskum da Kumo da Bajoga, ko sun ƙulla da ƙungiyar adashen ma'aikata ana cirewa a albashi, kafin kaya su sauka rabi ya riga ya samu mai shi. Wasu kuma dabara suke yi, su kawo keken tsirara babu batir, dako ya yi sauƙi takardu su ragu, su riƙa sayen batir sabo-sabo wajen manyan diloli gwargwadon ciniki. In har zan yi kwantena wata rana haka zan yi ta. Kuma in saita ta ta sauka da kaka, lokacin da kuɗin wake da masara da riɗi suka shigo hannu Tudun Hatsi ta cika, ba tsakiyar damina da kowa kuɗinsa yana gona kuma lunguna duk ruwa ba, don injin yana cikin ƙafar baya ne kuma baya son a nutsa shi.

Wani abu da babu ruwansa da hanyar da ka bi, kayan gyara. Mai Boxer ko Jincheng duk ƙauyen da ya lalace akwai bakanike a gindin bishiya, naka kuwa kai ne kamfanin, kai ne garejin. Abin haushin kuma kowace masana'anta da irin kan wayoyinta, kwantirolar wannan bata shiga wancan sai an yanke an bi launi ɗaya-ɗaya. Caja ma zaka ga bakinsu iri ɗaya sak amma an juya wayar ja da baƙa, maƙwabci ya ari ta maƙwabci ya jona, fau, shikenan. Cajar dalma kuma ba a sa wa litiyam. Wutarmu mai hawa da sauka da ƙananan janareta su ma suna cin caja kamar gyaɗa. Don haka samfur ɗaya ko biyu zaka riƙe ka mutu a kansu, ba shago kamar baje koli kowane launi da irinsa ba, kuma cikin kowace naira goma ta jari ka ware ɗaya ko fiye ta tafi a caja da kwantirola da totur da takalmin birki da taya. Tayar ma ka duba lambarta, 3.00-10 ana samu, amma irin 14 da 16 na ƙananan sai ka ajiye da kanka don mai faci bashi da su. Ka kuma koya wa yaro ɗaya aikin tun ranar farko, masu gyaran inbata sun fi bakaniken mashin saurin kamawa tunda harkar waya ce ba ta fistin ba.

Da Baffa ya gaji yace to kai yanzu wanne kake cewa in yi, kada ka yi ta zagaye da ni. Nace in kuɗin nan shi ne duk abin da ka mallaka, kuma baka taɓa sayar da keke ko ɗaya ba, Kano. Ka ɗauki kaɗan, 60V, samfur ɗaya, ka yi shekara kana jin ƙorafin mutane da kunnenka har ka san abin da ke lalacewa da wanda ke saye da watan da ake saye. Kayan gyara ka biyo da su ta haɗaka. Kwantena kuma sai ranar da kake juyar da ashirin ko talatin a wata, kana da masu sara a wasu garuruwa, kuma kana da wani kuɗin a gefe wanda in kaya suka yi wata biyu a tasha ba za a rasa cefane a gida ba. In zuciyarka ta nace sai Chaina, ku haɗu ku uku ko huɗu waɗanda kuka yarda da juna a rubuta a sa shaidu, ku raba kwantena ɗaya mara batir.

Bai ji daɗi ba, na gani a fuskarsa, don ya riga ya gaya wa abokansa na majalisa cewa shi zai fara harka da Chaina. Sati uku bai leƙo ba. Sai rannan da safe ya kira, yace gashi a tasha zai shiga motar Kano, in turo masa lambar mutumina, kuma wannan mitar da nake sawa a batir, in ba Goggo ta ajiye masa ko in aiko yaro da ita yanzu kafin mota ta cika? Na aika yaro a kan keke. Shida ya kawo, huɗu sun tafi, ɗaya an dawo da shi jiya wai baya caji, da muka duba soket ɗin gidan mutumin ne ya mutu.